Sayen ramammen rago a NBA: me ya sa kulob-kulob ke rububin yaran da suka kasa taɓuka abu?

Duk wanda yake bin gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ya san yadda farkon watan Fabrairu yake, lokacin da ake shirin rufe kasuwar musayar 'yan wasa. Sai ka farka da safe ka ga labari wai kulob kaza ta karɓi wani yaro ɗan shekara 22 wanda ko maki shida ba ya kaiwa a wasa, rabin kakar ma a benci ya yi ta, amma masu sharhi suna ta yabon manajan da ya ɗauko shi (wato mai kula da cinikin 'yan wasa, ba koci ba) kamar wanda ya tsinci dami a kala. Mai kallo sai ya ruɗe, toh idan yaron yana da amfani me ya sa waɗanda suka zaɓo shi suka sallama shi, idan kuma ba shi da amfani meye abin murna?

Abin ya yi kama da wanda ya shiga kara watanni kafin babbar sallah ya wuce manyan raguna ya je ya tsaya kan wani ramamme. Shi ba naman da ke jikin ragon yau yake saye ba, ƙashin yake dubawa da haƙori, yana lissafin dusa da harawar da zai ci kafin layya. Tambayar da take gabansa guda ɗaya ce, wannan ramar yunwa ce ko ciwo ne. Manajojin NBA ma kusan tambayar kenan, sai dai su nasu lissafin akwai dokoki masu sarƙaƙiya a ciki waɗanda in ba a san su ba ba za a gane cinikin ba.

Kalmomin da ya kamata a fara sani

Na farko dai a NBA ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi irin yadda aka saba a ƙwallon ƙafa ta Turai. Chelsea ta sayar da De Bruyne ga Wolfsburg a 2014 ta karɓi kuɗinta, shi kenan. A NBA musaya ake yi, mutum da mutum, ko mutum da gurbin zaɓe, kuma galibi sai albashin ɓangarorin biyu ya yi kusa da juna kafin hukumar gasar ta amince. Shi ɗan wasan ba a neman yardarsa, in ban da 'yan tsirarun da aka rubuta musu haka a kwantiragi.

Sai draf. Kowace shekara a watan Yuni kulob 30 ɗin suna zaɓen sababbin yara a zagaye biyu, wajen mutum 60, kuma waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne suka fi samun damar zaɓa da wuri. Shi wannan gurbin zaɓen kadara ne, ana cinikinsa kamar fili, har na shekaru bakwai masu zuwa ana iya bayarwa.

Wanda aka zaɓa a zagayen farko albashinsa a ƙayyade yake, ba a zaman ciniki sosai. Wannan tsarin ya fara ne a 1995, bayan Glenn Robinson ya karɓi kwantiragin dala miliyan 68 na shekara goma a 1994 tun bai buga wasa ko ɗaya ba. Yanzu kwantiragin sabon shiga shekara huɗu ne, biyun farko dole a biya, ta uku da ta huɗu kulob ce ke da zaɓin ci gaba ko ta fasa. In shekara huɗun ta cika yaron zai iya karɓar tayi daga wani waje, amma kulob ɗinsa tana da haƙƙin ta ce na biya daidai abin da aka taya, ta riƙe abinta. To wannan haƙƙin yana bin yaron duk inda aka kai shi, kuma shi ne rabin abin da mai saye yake saye.

Na ƙarshe shi ne rufin albashi, wato ƙa'idar jimillar kuɗin da kulob za ta biya 'yan wasanta a kaka. A kakar 2025-26 an sa shi a kan dala miliyan 154.6 ga kowace kulob, wanda ya wuce nan har ya haura miliyan 187.9 sai ya fara biyan haraji ga gasar. Stephen Curry shi kaɗai albashinsa ya haura miliyan 59 a kakar ta 2025-26, shi kuwa Cooper Flagg da aka zaɓa lamba ɗaya a 2025 bai kai miliyan 14 ba. Kaga kenan duk kulob ɗin da ta samu yaro mai albashin sabon shiga yana buga wasan manya, ta samu sarari mai yawa na ɗauko wasu.

Me ke sa a saki yaro tun bai nuna ba

Tun daga 2006 doka ta ce sai mutum ya kai shekara 19 a shekarar draf ɗin, don haka yawancin manyan zaɓuɓɓuka shekara ɗaya suke yi a jami'a su fito. Ma'ana lokacin da kwantiragin farko yake ƙarewa yaron yana 22 ko 23, shekarun da mafi yawan 'yan wasa ba su gama nuna ba. Amma agogon kwantiragi ba ruwansa da wannan, kafin ƙarshen Oktoba dole kulob ta faɗi ko za ta ɗauki shekara ta uku ko ta huɗu, sannan bayan shekara ta uku a fara maganar sabon kwantiragi na manyan kuɗi. Manaja sai ya tsinci kansa dole ya yanke hukunci kan mutumin da bai gama saninsa ba.

Akwai kuma cunkoso. Kulob mai neman kofi ba ta da haƙurin barin yaro ya yi ta kuskure a fili, koci aikinsa yake karewa, tsohon hannu zai saka. Tsohon misali shi ne Jermaine O'Neal, wanda Portland ta ɗauko daga sakandare a 1996, ya yi shekara huɗu a bayan su Rasheed Wallace da Arvydas Sabonis bai taɓa kai maki biyar a matsakaicin wasa ba. A 2000 aka ba Indiana shi aka karɓi Dale Davis, cikin shekara biyu ya ci kyautar wanda ya fi kowa samun ci gaba, daga baya ya je wasan All-Star, wato wasan zaɓaɓɓun taurarin gasar, sau shida. Portland ba makafi ba ne, kawai ba su da mintunan da za su ba shi.

Wani lokacin kuma canjin shugabanci ne. Sabon manaja ba shi ya zaɓo yaron ba, ba sunansa ne zai ɓaci ba in an sallama shi da arha. Wani lokacin haraji ne, kamar Golden State a 2023, inda kowace dala ɗaya ta albashin James Wiseman take jawo musu ninkin-ba-ninkin na haraji alhali yana zaune.

Yunwa ce ko ciwo

Anan ne ainihin aikin yake, kuma kulob ɗin da ta fi nuna yadda ake yi a 'yan shekarun nan ita ce Indiana Pacers, wadda garinta ba irin wanda manyan taurari ke rububin zuwa da kansu ba ne.

A 2017 da Paul George ya nuna tafiya zai yi, Indiana ta ba Oklahoma City shi ta karɓi Victor Oladipo, wanda yake da tsatso da Najeriya, da Domantas Sabonis. An yi musu dariya sosai. Oladipo lamba biyu ne a draf ɗin 2013 amma kulob biyu sun riga sun sake shi, ga albashin wajen dala miliyan 21 a shekara da ake ganin ya fi ƙarfin aikinsa, shi kuwa Sabonis ko maki shida bai kai ba a shekararsa ta farko. Abin da ba a lissafa ba shi ne a Oklahoma ƙwallo a hannun Russell Westbrook take kwana, Oladipo tsayuwa kawai yake a gefe yana jira, shi kuma Sabonis an tura shi nesa da kwando yana jifa alhali ƙarfinsa a ƙarƙashin kwando yake. Da aka miƙa wa Oladipo ƙwallo ya tashi daga maki 15.9 zuwa 23.1, ya fi kowa ƙwace ƙwallo a gasar, ya shiga All-Star. Sabonis ma ya shiga sau biyu a Indiana, daga baya da shi aka yi musayar da ta kawo musu Tyrese Haliburton a 2022.

Ba su tsaya nan ba. Aaron Nesmith ya yi shekara biyu yana ɗumama benci a Boston bayan Tatum da Brown, aka haɗa shi cikin cinikin Malcolm Brogdon a 2022 kamar gyara. Obi Toppin lamba takwas ne a 2020 amma Julius Randle ya tare masa hanya a New York, a 2023 Indiana ta karɓe shi da gurbi biyu na zagaye na biyu kacal. Wanda ya kalli wasan farko na ƙarshen yankin Gabas (matakin da ke kaiwa ga wasan ƙarshe na gasar) a Mayun 2025 ya ga abin da Nesmith ya yi a Madison Square Garden, filin New York Knicks, Knicks ɗin suna gaba da tazara mai yawa saura 'yan mintuna, mutanen gari har sun fara murna, yaron nan ya dinga sakin jifa mai maki uku ɗaya bayan ɗaya, ya tashi da maki 30, jifa takwas daga nesa suka shiga. Indiana ta je har wasan ƙarshe a shekarar, sai a wasa na bakwai Oklahoma ta doke ta.

Dyson Daniels ɗan Ostireliya ma haka ne, New Orleans ta saka shi cikin cinikin Dejounte Murray a 2024 yana da maki ƙasa da shida a wasa, a Atlanta ya koma 14, yana ƙwace ƙwallo sau uku a kowane wasa, ya ci kyautar ci gaba ta 2025. Idan aka duba waɗannan duka za a ga abu ɗaya, kowannensu dama akwai wani abu guda da ya iya wanda ake gani ko a 'yan mintunan da yake samu, Nesmith jifa da naci a tsaro, Toppin gudu da tsalle, Daniels hannu mai sauri. Fili ne babu.

Ɗaya ɓangaren kuma Detroit ce a zamanin manaja Troy Weaver. A Fabrairun 2022 suka ɗauko Marvin Bagley III, wanda Sacramento ta zaɓa lamba biyu a 2018 ta bar Luka Doncic da ya zama babban tauraro. Bayan shekara ɗaya suka ƙara da Wiseman, shi ma lamba biyu a 2020, yaron da wasa uku kawai ya buga a jami'ar Memphis, wasa 60 a Golden State cikin kusan shekara uku saboda ciwon gwiwa. Dukansu dogaye ne masu tsalle, dukansu matsalarsu tsaro da karanta wasa, kuma wuri ɗaya suke bugawa da wasu yaran da Detroit ɗin ta zaɓo da kanta. An ba su mintuna, ramar ba ta tafi ba. Kakar 2023-24 Detroit ta ci wasa 14 ta sha kashi 68, har da 28 a jere. Ba za a ɗora wannan duka a kan mutum biyu ba, amma dai cinikin bai haifar da abin da aka sa rai ba. Wiseman ya koma Indiana a 2024, wato wajen gwanayen gyaran ma, a wasansa na farko jijiyar agararsa ta tsinke.

Masu goyon baya da masu suka

Masu goyon bayan wannan salon hujjarsu lissafi ce. Gurbin zagaye na biyu yawanci ba ya haifar da ɗan wasan da zai daɗe a gasar, to in ka ba da biyu ka karɓi wanda duniya ta taɓa yarda yana cikin goman farko na sa'o'insa, asararka kaɗan ce in bai yi ba, ribarka babba in ya yi. Wasu masu sharhi har suna kiran abin draf na biyu. Ga kulob ɗin da ba ta da guraben zaɓe ma kusan ita ce hanya ɗaya. Brooklyn ta zubar da nata a cinikin Garnett da Pierce na 2013, don haka a 2017 manajanta Sean Marks ya yarda ya ɗauki nauyin kwantiragin Timofey Mozgov na dala miliyan 64 don kawai Lakers su haɗa masa da D'Angelo Russell. Russell ya shiga All-Star a 2019.

Masu suka kuma suna cewa araha ba ta ado, kuma suna da hujjoji uku masu nauyi. Ta farko, kulob ɗin da take sayarwa ta fi kowa sanin kayanta, ta ga yaron a atisaye kullum, likitocinta sun san gwiwarsa, ta san ko yana zuwa da wuri ko sai an nemo shi. Mai saye bidiyo kawai ya gani. Ta biyu, mutane suna riƙe lambar draf a ka fiye da kima, ana cewa ai lamba biyu ne, alhali lambar hasashe ce da aka yi yana ɗan 19, wasannin da ya buga bayan nan sun fi ta faɗin gaskiya. Kuma labarin waɗanda suka yi nasara ake ta maimaitawa, ba a cika tuna Cam Reddish ba, wanda Knicks ta ba da gurbin zagayen farko a kansa a 2022 koci Tom Thibodeau ya ƙi saka shi sosai, ko Jahlil Okafor, lamba uku a 2015, da Brooklyn ɗin dai ta gwada bai yi ba.

Hujja ta uku ita ce wadda masu kallo suka fi mantawa, arhar ba ta daɗewa. Yawanci ana samun yaron ne saura shekara ɗaya ko 'yan watanni kwantiraginsa ya ƙare, sai ka biya shi kafin ka tabbatar. Detroit ta ga Bagley na 'yan makonni ta ba shi dala miliyan 37.5 na shekara uku, a Janairun 2024 sai da ta haɗa wa Washington da gurbi biyu na zagaye na biyu kafin a karɓe shi. Wato an saya da kuɗi, an kuma biya an rabu da shi. In kuma yaron ya yi kyau farashinsa ya tashi nan take, Daniels ya sa hannu kan dala miliyan 100 na shekara huɗu, Lauri Markkanen da ya fashe a Utah da maki 25.6 bayan Chicago da Cleveland sun sake shi ya karɓi miliyan 238. Inda Indiana ta yi wayo shi ne ta ɗaure Nesmith da miliyan 33 na shekara uku tun a 2023 kafin kasuwa ta farga.

Akwai cinikin da kowane ɓangare zai ce shi ya ci. Oklahoma ta ba Chicago Josh Giddey a 2024 bayan ta mayar da shi benci a wasanninta na ƙarshe da Dallas, ta karɓi Alex Caruso mai shekara 30. Caruso ya taimaka an ɗauki kofin 2025, Giddey ya samu ƙwallo a hannu a Chicago ya karɓi miliyan 100. Kowa abin da yake buƙata daban.

Abin da dokar 2023 ta canza

Yarjejeniyar da hukumar NBA da ƙungiyar 'yan wasa suka yi a 2023 ta kafa shinge mai tsauri a saman layin haraji. Shingen farko a 2025-26 yana kan dala miliyan 195.9, na biyu 207.8. Da can attajirin mai kulob zai iya cewa a kashe ni zan biya harajin, yanzu wanda ya haura shinge na biyu ba zai iya haɗa albashin mutum biyu ya karɓi babba ɗaya ba, ba zai saka tsabar kuɗi a ciniki ba, kuma za a daskarar masa da gurbin zaɓensa na shekara bakwai gaba.

Wannan ya taɓa kasuwar ta fuska biyu masu karo da juna. Manyan kulob suna saurin sakin yaron da lokacin biyansa ya matso in ba su tabbata da shi ba, kaya sun ƙaru a kasuwa kenan. Amma kuma kowa yanzu yana neman mai arha da zai iya bugawa, masu saye sun ƙaru, don haka yaron da yake da saura shekara biyu cikakku a kwantiragin farko ba a samunsa a banza kamar da. Portland sai da ta ba Washington Brogdon da gurbi biyu na zagayen farko da wasu na zagaye na biyu kafin ta samu Deni Avdija a 2024, kuma babban abin da ya ja farashin shi ne dogon kwantiragi mai sauƙi da yake kai.

Wa abin yake shafa

Shi ɗan wasa sau da yawa a waya yake jin labari, wani ma a shafin sada zumunta, cikin kwana biyu ya kwashe kaya ya bar gida da makarantar yara. Amma ga wanda yake ruɓewa a benci musaya ita ce damarsa ta samun kwantiragi na biyu, wanda shi ne kuɗin da yake canza rayuwar iyali, shi ya sa wakilan 'yan wasa da kansu suke matsa wa kulob ta saki yaronsu kafin shekara ta huɗu.

Yaran Afirka abin ya fi shafarsu, don da yawansu ba su fara ƙwallon kwando da wuri ba, suna isa NBA da jiki amma da sauran koyo. Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal ya yi shekara ɗaya a Miami yana samun 'yan mintuna, a 2021, shekarar da D'Tigers na Najeriya suka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas har ya tare wa Kevin Durant ƙwallo a sama, Toronto ta karɓe shi cikin cinikin Kyle Lowry. Shugaban Toronto a lokacin Masai Ujiri ne, wanda ya tashi a Zariya. Achiuwa bai zama tauraro ba, bai kuma ɓace ba, ya zama ɗan wasan da ake sakawa ya yi aikinsa, a ƙarshen 2023 aka wuce da shi New York tare da OG Anunoby. Yawancin irin wannan cinikin a nan tsakiya yake ƙarewa.

Su kuwa magoya baya, musamman masu sayen tikiti a garuruwa irin Detroit da Washington, su ne suke biyan kuɗin gwajin, don mintunan da ake ba yaro ya koya wasanni ne da ake sha kashi a gabansu. Sannan abin da aka bayar a matsayin ɗan canji ma yana iya zama shi ne babban kaya. A Fabrairun 2019 Orlando ta karɓi Markelle Fultz, lamba ɗaya a 2017 wanda ciwon kafaɗa ya lalata masa jifa har wasa 33 kawai ya buga wa Philadelphia, ta ba da Jonathon Simmons da gurbi biyu, kowa ya ce Orlando ta yi tsintuwa. Fultz ya ɗan farfaɗo, aka ba shi miliyan 50 na shekara uku, bayan 'yan makonni jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Ɗaya daga cikin guraben nan ya faɗo lamba 21 a draf ɗin 2020, Philadelphia ta zaɓi Tyrese Maxey da shi.